Kifin da Muke Ci: Wa ke Auna Ɗorewarsa, Kuma da Wane Mudu? Tambayoyi da Amsoshi

Ni ɗan masunta ne daga wani ƙauye a bakin kogin Haɗeja, gabas da Ringim. Na taso ina riƙe wa mahaifina gora, kuma na ga zamanin da jifa biyu na birgi ke cika ƙwarya. Yau a garinmu kifin ƙanƙara da ake kawowa daga Kano cikin kwali ya fi na kogi yawa a kaskon masu suya. Kwanakin baya wani ɗalibi ya zo dandali da gwangwanin kifi da yayansa ya kawo tsaraba daga Ingila, a jikinsa akwai ɗan shuɗin tambari mai hoton kifi. Daga "wannan kuma na mene ne?" zance ya yi tsawo, har aka yi makonni ana tare ni da shi a ƙofar masallaci, a kasuwa, a bakin ruwa. Ga tambayoyin kamar yadda aka yi mini su, da abin da na amsa.

Malam, tukuna ma, me ake nufi da ɗorewar kifi?

Manomi ba ya cin iri, makiyayi ba ya kai saniya mai ciki mahauta. Haka abin yake a ruwa. In kifin da ake kamawa a shekara bai wuce wanda ake haifa ya girma a shekarar ba, su zai ɗore har jikoki. In ya wuce, an fara cin iri, ko da kwale-kwale na dawowa a cike. Abin da masu auna ɗorewa ke son gaya wa mai saye ke nan kafin ya miƙa kuɗinsa: kifin nan daga riba aka ɗebo shi, ko daga uwar kuɗi?

Ɗana, kifi fa na Allah ne, ruwa ke kawo shi. Ta yaya za a ce kifin teku guda zai ƙare?

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, na Allah ne babu shakka, kamar yadda gero da shanu na Allah ne, amma hannun mutum na iya ɓata su. A gabashin Kanada, wajen tsibirin Newfoundland, akwai wani kifi da ake kira kod. Irinsa ne ake busarwa a ƙasar Nowe har ya yi tauri kamar itace, a kawo Najeriya mutanen Kudu su sa a miya. An yi wajen shekara 500 ana kama shi a can, kowa na cewa ba ya ƙarewa. Da manyan jiragen ruwa masu jan taru suka shigo bayan 1950, cikin shekaru kaɗan aka kwashe manyan da ke haihuwa. A 1992 gwamnatin Kanada ta hana kama shi, mutum wajen 30,000 suka wayi gari babu sana'a. An ce hanin na shekara biyu ne. Sai a 2024 aka ɗage shi, shi ma da ɗan adadi kaɗan.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, tana bin diddigin garkunan kifin teku. A 1974 kashi 10 cikin 100 ne ake kamawa fiye da kima. A lissafin 2021 sun kai kashi 37.7.

Amma Baba, ba sai mun je Kanada ba. Yaushe rabonka da ka fito da giwan ruwa wadda sai mutum biyu sun ɗauka? Yaushe rabonka da yauni mai tsawon gaba?

Su wane ne ke ba kifi makin ɗorewa?

Iri biyu ne, kuma yana da kyau a bambanta su.

Na farko masu ba da shawara ne kawai. Fitacce cikinsu shi ne Seafood Watch, shirin wani gidan nuna halittun ruwa da ke Monterey a jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda ya fara a 1999. Sukan yi nazari, su ba kifi launi irin na danjar kan titi: kore, saya hankali kwance; rawaya, babu laifi amma da sauran gyara; ja, ƙyale shi. Da farko a ɗan kati suke bugawa mutum ya sa a aljihu in za shi kasuwa ko gidan abinci. A Birtaniya ƙungiyar Marine Conservation Society tana yin irin wannan, ita da lamba take yi, daga 1 mafi kyau zuwa 5 wanda za a guje wa. Waɗannan ba sa jiran a gayyace su, kuma ba sa manna komai a jikin kaya.

Na biyu masu ba da tambari ne. Shuɗin nan da ke jikin gwangwanin ɗalibinmu na Marine Stewardship Council ne, MSC a taƙaice, mai hedikwata a Landan. Ƙungiyar kare halittu ta WWF da kamfanin Unilever ne suka kafa ta a 1997, kuma abin da ya faru da kod na Kanada yana cikin dalilan. Wannan na kifin da aka kamo a ruwa ne. Na kiwo kuma yana da tasa hukumar, ASC, da aka kafa a 2010. A nan masu kamun ne da kansu ke neman a zo a duba su, su kuma biya kuɗin dubawar.

To me suke dubawa?

MSC abu uku take tambaya. Na ɗaya, garken kifin yana da lafiya? Masana kan ƙiyasta nauyin manyan da suka isa haihuwa, su kwatanta da abin da ake kwashewa. Ba wanda ke ƙirga kifi ɗaya bayan ɗaya a teku: jiragen bincike ne ke auna gungun kifi da na'urar amsa-kuwwa, a ɗebi samfuri a duba tsawo da shekaru, a haɗa da rajistar abin da jirage suka sauke a tasha. Shekarun kifi kuwa a wani ɗan ƙashi na cikin kunnensa ake karantawa, yana da zobba kamar kututturen itace.

Na biyu, kayan kamun suna ɓarna? A nan ake maganar abin da koma ta haɗo da shi ba da niyya ba: ƙififiyar teku, tsuntsaye, 'ya'yan wasu kifaye. Taru mai nauyi da ake ja a ƙasan teku yana kankare gidan kifi kamar garma ta bi ta kan shuka, shi ya sa makinsa ba ya zama ɗaya da na ƙugiya ko na komar da ke zagaye gungun kifi a saman ruwa.

Na uku, akwai doka, kuma tana aiki? Akwai adadin da aka ƙayyade, akwai lokacin hutu, akwai mai sa ido, akwai hukunci ga wanda ya karya?

Kowane ma'auni ana ba shi maki har zuwa 100. Wanda ya faɗi ƙasa da 60 a ko da ma'auni ɗaya ya faɗi gaba ɗaya. Tsakanin 60 da 79 an ci amma da sharaɗin gyara cikin wa'adi. Kowanne daga cikin ginshiƙan uku kuma sai jimillarsa ta kai 80. Takardar shekara biyar take yi, ana kuma dawowa duba duk shekara. Bayan wannan akwai wata takardar ta daban ga duk wanda kifin ya bi ta hannunsa, daga jirgi zuwa masana'anta zuwa kanti, don kada a cakuɗa mai tambari da marar tambari a hanya. Wannan sashen ya fi burge ni, domin duk wanda ya taɓa sayen wake a buhu ya san inda algus ke shiga.

Titus ɗin da muke ci, kore ne ko ja?

Ba a amsa wannan da sunan kifi kaɗai. Maki ba na jinsi ba ne, na jinsi ne a wuri kaza, da kayan kamu kaza, ƙarƙashin doka kaza. Kifi ɗaya kan zama kore a wannan teku, ja a wancan.

Labarin titus ma ya isa misali. Wanda ya fi tsada a wurinmu, mai zanen baƙi a gadon baya, daga arewa maso gabashin tekun Atilantika yake zuwa. Ya daɗe yana ɗauke da tambarin MSC. A watan Maris na 2019 aka dakatar da tambarin. Abin da ya hana a mayar masa shi ne rikicin rabo: Nowe, Tarayyar Turai, Birtaniya, Aisilan, tsibiran Faro da Rasha sun kasa daidaitawa kan kason kowa, sai kowace ta yanka wa kanta, jimillar ta riƙa zarce abin da masana suka ce ruwan zai iya ɗauka. A ƙarshen 2020 wani babban garken shawa na wannan yankin ya bi sahu saboda dalili guda. Waɗannan ƙasashe ne masu kuɗi da jiragen bincike da jami'o'i. Ilimi bai yi musu ƙaranci ba, yarda da juna ce ta gagara, kamar ƙauyuka biyar da ke kan tafki ɗaya kowa na tsoron in ya bari maƙwabci zai kwashe.

Malam, ni kwali nake sara in soya. Ta ina zan san inda kifina ya fito?

Hajiya, kafin ki yaga kwalin ki ba yara su hura wuta, ki sa ɗanki ya karanta miki gefensa. Galibi akwai sunan ƙasa, da ranar da aka daskarar, da ranar lalacewa, da sunan kifin na kimiyya, da kuma kalmar FAO tare da lamba. Lambar yankin teku ce. 27 shi ne arewa maso gabashin Atilantika, wajen Nowe da Holan da Birtaniya. 34 namu ne na Afirka ta Yamma, daga Maroko da Muritaniya har gaɓar Najeriya. 47 wajen Namibiya da Afirka ta Kudu. 87 wajen Chile da Peru. A sunaye kuwa, Scomber titus ne, Trachurus kote ne, Clupea shawa ce.

In kin ga 34, ki sani ƙananan kifayen wannan yankin suna cikin matsi. A Nuwadibu ta Muritaniya, da Senegal da Gambiya, an kafa masana'antu masu niƙa kifin da mutane ke ci su mai da shi gari da mai, a fitar waje a ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Matan da ke banda a can, 'yan uwanki a sana'a, sun daɗe suna kuka a kan haka. In kuwa panla ce daga yanki na 47, to akwai masu kamun wannan kifi a Afirka ta Kudu da suka sami tambarin MSC tun 2004, na Namibiya kuma a 2020, ko da yake ba lallai ki ga tambarin a kwalin da ya iso Kano ba. Ba a biyan kuɗin buga shi ga kasuwar da ba ta tambaya.

Tambarin yana nufin kifin lafiyayye ne?

A'a. Maganar ruwa da garke yake yi, ba maganar cikinki ba. Kifi mai tambari in ya narke a mota tsakanin Legas da Kano aka sake daskarar da shi, ya lalace. Lafiyar abinci aikin NAFDAC ne da hancin mai saye. A wurinmu ma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu yayyafa wa banda fiya-fiya don ƙwari. In kika ga tulin busasshen kifi a buɗe ko ƙuda ɗaya ba ya sauka, ki wuce.

Za a iya yarda da waɗannan masu ba da maki?

Ina yarda da su rabi da rabi, kuma ga dalili. Kamfanin da ke duba masu kamu, su masu kamun ne ke zaɓarsa su biya shi. Ita MSC kuma mafi yawan kuɗin shigarta daga lada ne da take karɓa a kan kayan da aka sayar da tambarinta, wajen rabin kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin sari. Duk wanda ya san kasuwa ya san abin da ake tsoro in dillali yana cin lada daga mai kaya. Masana da ƙungiyoyin kare teku sun sha sukar ta kan ba da tambari ga jiragen da ke jan taru a ƙasan teku. A ɗaya gefen, rahotannin dubawar a buɗe suke ga kowa, ana iya shigar da ƙorafi kafin a ba da takarda, kuma mun ga an ƙwace ta daga hannun masu ƙarfi kamar yadda aka yi da titus. Wani lokaci ma Seafood Watch da MSC kan saɓa a kan kifi ɗaya. Ni dai ina ɗaukar tambari a matsayin shaidar mutum ɗaya: ta fi babu, amma ba ta rufe shari'a.

Me ya sa tarwaɗa da karfasar koginmu ba su da maki?

Domin ba a yi mudun don mu ba. Dubawar MSC kan ɗauki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ta ci dubun dubatar daloli, kuma tana buƙatar rajistar kamu ta shekaru. Wane masunci ne a Guri ko Kirikasamma ke rubuta kilo nawa ya kama ranar Talata? Sannan su namu na jinsi barkatai ne, koma ɗaya ta fito da karfasa da kurungu da kawara da bargi, ba garke ɗaya da jirgi ɗaya ba. Rashin maki ba ya nufin kifinmu ja ne. Yana nufin babu wanda ya zo ya auna.

To in da za a auna, me kake ganin zai fito?

A nan zan faɗi ra'ayina, a matsayin wanda ya tashi a bakin ruwan.

A tambayar garke, idonmu ya isa sheda: kifin da ke zuwa kasuwar Haɗeja da ta Wudil yana ƙara ƙanƙancewa, manyan jinsuna sun zama abin labari. Duk inda girman kifin da ake kamawa ke raguwa shekara bayan shekara, masana na ɗaukarsa alamar an matsa wa ruwa.

A tambayar kayan kamu, muna da laifinmu. Iyayenmu da yatsu suke auna idon koma, kuma abin kunya ne a ga mutum da mai ido ƙanƙane. Yau gidan sauro da aka raba don zazzaɓi shi ake ɗinkewa a ja a fadama, ya kwashe har ƙwai, ga shi maganin da ke jikinsa guba ne ga kifi. Dumba, wato jera gura a tare bakin rafi gaba ɗaya, tana tsare kifi daidai lokacin da yake fita fadama haihuwa ko yake komawa kogi. Akwai kuma masu zuba gamalin a ruwa cikin dare. Na taɓa wayar gari na ga bakin wani tafki fari fat da 'ya'yan kifi matattu, har kwaɗi, kuma shanun Fulani a nan suke sha. Ban san wanda ya yi ba, amma na daɗe ban manta warin ba. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki. Dokar na nan a takarda, mai sa ido ne babu.

Amma akwai tambaya ta huɗu da mudun Turawa bai cika yi ba, domin teku ba ya ƙafewa: ina ruwan? Kifinmu ɗan ambaliya ne. Tarwaɗa da farkon damina take fita cikin ciyawar fadama ta zuba ƙwai, 'ya'yan su girma a ruwa marar zurfi, su koma kogi in ya janye. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, yadda ruwa ke zuwa ya canza. Ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja zuwa Nguru ta ragu, ruwan rani da ake saki kuma ya ba kacala damar mamaye hanyoyin ruwa, ta toshe wasu, ta karkatar da wasu kan gonaki. Ko da kowane masunci ya zama waliyyi, in fadama ba ta sha ruwa ba, babu kifi. Don haka duk wanda zai auna ɗorewar kifin Jigawa bai kuma duba yadda hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ke buɗe ƙofofin madatsa ba, rabin aiki ya yi.

Tarwaɗar kiwo fa, ita ce mafita?

Tana taimakawa, kuma duniya can ta nufa: a 2022 ne karon farko da abin da aka kiwata ya zarce abin da aka kamo. Masu auna kifin kiwo suna duba abinci, da ruwan da ake zubarwa, da magunguna, da cuta, da kifin da ke tserewa. Tarwaɗa tana da sauƙi a wasu: 'yar gida ce a ruwanmu, tana shaƙar iska, tana jure cunkoso. Inda za ka tambayi mai tanki shi ne ina yake zubar da ruwan da ya canza, kuma kwana nawa ke tsakanin ba da maganin ƙwayoyin cuta da sayarwa. Abincin buhu kuma yana da garin kifi a ciki, wanda wani lokaci daga irin masana'antun nan na Muritaniya yake.

Yaya, kana nufin mu daina sayen ƙananan kifi? Shi fa kuɗinmu ke kaiwa.

A'a ƙanwata, ba zan ce wa uwa ta hana 'ya'yanta kifi a miya ba. Yaran karkararmu suna buƙatarsa, kuma ƙaramin kifi da ake ci har ƙashi da kai yana da amfani ƙwarai a jiki. Abin da za a bambanta shi ne kifin da ƙarami ne a halittarsa, kamar kawara, da jaririn babban kifi. Kawara ko ta tsufa ba ta girma sosai, tana kuma haihuwa da wuri. Amma ɗan giwan ruwa ko ɗan ragon ruwa mai tsawon yatsa, wannan kilo da yawa ne aka yanke tun bai fara ba. In akwai zaɓi a faifai ɗaya, ɗauki kawarar.

A kasuwa, me zan tambayi mai kifi?

Abin da masu tambari ke tambaya, da bakinmu: daga wane ruwa, da me aka kama, yaushe? Mai kifin Gujungu ko Wudil ya san amsa, kuma in masu saye uku suka tambaya a rana ɗaya, zancen zai koma bakin ruwa kafin magariba. Kifin da aka kashe da guba jikinsa kan saki da wuri, ya yi saurin ruɓa. Tarwaɗa mai cike da ƙwai a watan Yuni da Yuli, da karfasar da aka kama da 'ya'ya a baki, domin a baki uwar ke renonsu, waɗannan su ne jan launinmu.

Muna da abin da ya yi kama da wannan a gargajiya?

Muna da shi, kuma ya girmi MSC. Sarkin ruwa ne ke rufe tafki bayan ruwa ya janye, babu mai jefa ko ƙugiya sai ranar da ya sa, a yi shela ƙauyuka su taru da homa da gora. Wanda aka kama ya yi satar su, a ƙwace komarsa a ci shi tara gaban mai gari. Manyan kifayen da ake nunawa a bikin Argungu, wanda aka fara a 1934, sirrinsu ke nan: ruwan Matan Fada a rufe yake sai ranar biki.

A ƙauyenmu akwai tafkuna biyu da har yanzu ake rufewa. A zaman da muka yi da masunta bayan sallar Juma'a, an amince bana za a ƙara na uku, za a hana gidan sauro a dukansu, kuma ɗalibin nan mai gwangwani zai zauna da littafi da sikeli ranar buɗewa ya rubuta jinsi da nauyin abin da aka fitar. Sarkin ruwa ya ce a sayo littafi mai kauri wanda zai kai shekara biyar.